Sayen tsohuwar katafila ko ɗaukar haya: lissafin mai son gyara gona a ƙasar Adar

A 'yan shekarun nan, da dama daga cikin 'yan kasuwar Tahoua da waɗanda suka yi ci-rani a Abijan ko Libiya suka dawo da ɗan abin hannu sun koma sayen filaye masu faɗi, wani a gefen tafkin Tabalak, wani a kwarin Maggiya ko na Tarka, wani kuma can wajen Yamai a kan hanyar Kollo ko ta Say. Da zarar mutum ya tsaya a kan hekta 30 ko 50 na fili mai duwatsu da kututture da zaizayar ƙorama, ya ƙiyasta yawan 'yan ƙwadagon da zai ciyar kafin wurin ya nomu, sai tunanin katafila ya faɗo masa. Ba a jimawa kuma wani dillali zai nuna masa hoton wata tsohuwa a waya, an shafe ta da sabon fenti ruwan ɗorawa, ya ce wani kamfani ne da ya gama aikin hanya yake neman kai da ita. Abin da mai saye ke tambaya a nan shi ne wace iri ce ta fi ƙarko da nawa ya kamata ya taya, alhali akwai tambayoyi biyu da suka riga waɗannan zuwa: shin filin nasa yana bukatar katafila, idan kuma yana bukata, shin sai ya mallake ta? A ganina duk wanda ya sayi katafila ya buɗe sana'ar kwangila ne, ko ya yi niyya ko bai yi ba, domin gona ɗaya ba ta da aikin da zai ciyar da ita.

Sai an fara duba ƙasar kafin a duba ƙarfen, domin jigawa da fako da fadama kowanne da abin da yake so. Jigawar da ake shuka hatsi da wake ƙarfinta duka yana cikin santimita 10 zuwa 20 na sama, inda ruɓaɓɓen kara da kashin dabbobi da ƙurar da iska ta kawo suka taru shekara da shekaru, kuma ko a nan ɗin takin da ke cikin rairayin bai cika kaiwa kashi ɗaya cikin ɗari ba. Idan direba ya sauke wuƙar gaba don ya tumɓuke sabara ko kalgo, saiwa da ƙasar sama gaba ɗaya take kwashewa ta tara su tudu guda a bakin gona. Mai gona zai zo ya tarar wuri ya yi fes kamar filin Idi, ya ji daɗi, ya sallami direba da tukuici. Sakamakon sai farkon damina yake bayyana, lokacin da guguwar da ke gaban hadari ta tarar da fili ba abin da zai tare ta, ta kwashi rairayi ta yanke tsiron hatsi ko ta binne shi, a sake shuka sau biyu ko sau uku a ƙasar da ruwan shekara a kewayen birnin Tahoua bai cika wuce milimita 400 ba. Sabarar da aka raina ita ce take tare rairayi da ganye a gindinta, shi ya sa tsofaffin manoma suka san hatsin da ya fito kusa da ita ya fi ƙiba.

Nijar ta riga ta gwada hanyar share gona ƙarƙaf, ta kuma ga inda ta kai ta bayan farin shekarun 1970 da na 1984. Sassaben zamani, wanda wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa a jihar Maradi a 1983, dabara ce ta barin tohon kututture, a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a datse sauran har su zama itace, kuma da ita aka farfaɗo da abin da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin ƙasar. Gatari da adda suka yi wannan aiki, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kansa. A Maggiya ma, layukan dogon yaro da aka fara dasawa tun 1975 don tare iska har yanzu suna nan a tsaye. Saboda haka mai jigawa da ke tunanin katafila, shawarar da zan ba shi gajeriya ce: ya bar ta, ya sa hannu ya rage abin da ya yi yawa, ya bar gawo da aduwa da magariya a tsaye.

A fako lissafin ya sha bamban. Waɗannan shimfiɗaɗɗun tuddai masu jan dutse da ke kewaye da Keita da Buza da Illela, inda ruwan sama ke sauka ya gudu kamar a kan siminti ba tare da ya shiga ƙasa ba, su ne wurin da katafila ke da abin yi, kuma abin lura shi ne haƙoran da ke bayanta sun fi wuƙar gaba amfani a nan. Haƙoran suna shiga rabin mita ko fiye su tsaga ɓawon ƙasar, ruwa ya sami hanya, saiwa ta bi shi. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya tare da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ya haɗa injuna da hannu a irin wannan ƙasa: inji ya tsaga ya tura tudun da zai tare ruwa, jama'a kuma, akasarinsu mata, suka jera duwatsu suka dasa itatuwa. Duk wanda za a sayar wa katafila marar haƙoran baya don aikin fako, rabin inji aka ba shi, kuma neman haƙoran da famfon da ke ɗaga su daga baya wata sabuwar hidima ce mai tsada. Wajibi ne tsagar ta bi kwanciyar ƙasa a gicciye, domin idan aka tsaga daga sama zuwa gangare an haƙa wa ruwa hanyar da zai mayar ƙorama cikin damina biyu.

Fadama kuma, inda ake son daidaita fili don albasa irin ta Galmi ko masara ko alkama, a nan ne ake tura ƙasa da gaske: baje tudu, cike kwari, gina madatsa, zurfafa tafki, buɗe hanyar da mota za ta shiga ɗaukar kaya. Babu abin da ya kai katafila saurin wannan. Sai dai daidaita fili aiki ne na mai awon ƙasa kafin ya zama na direba, don ido ba ya gane bambancin santimita 15 a tsawon mita 100, ruwan ban-ruwa kuwa yana ganewa. Hanyar da ta dace ita ce a fara kwashe ƙasar sama a ajiye gefe, a daidaita ta ƙasa, sannan a mayar da ta saman a baje. Wannan yana ƙara awoyi, kuma direban da aka bar wa kansa ba zai yi ba. Laka mai danshi ma ba ta son nauyin tan 20 a kanta, tana danƙarewa ta yi shekaru ba ta saki ba, don haka sai ta bushe sosai ake shiga.

Kafin a kunna inji akwai batun hukuma, wanda masu kuɗi kan ɗauka da sauƙi har sai an tsayar musu da aiki. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 ta sa sabon sassabe a daji yana bukatar izini, kuma gawo da kuka da tsamiya da aduwa da giginya suna cikin itatuwan da hukuma ke karewa. Tsarin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 shi ne tushen kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO, tun daga ƙauye har zuwa gunduma, kuma su ne ke tabbatar da mallaka da iyaka. A jihar Tahoua akwai ƙarin abu guda: dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 kuma ta sake tabbatar da ita, don haka yankunan Abalak da Cintabaradan da Tassara ƙasar makiyaya ce. Mai gatari idan ya shiga burtali da taku biyar ana iya zama gaban hakimi a daidaita, amma katafila a wuni ɗaya tana iya shafe burtali da itatuwan da kakanni suka sa alamar iyaka, daga nan kuma shari'a ce da ba a san ranar ƙarewarta ba.

To, a ce an duba duk wannan, fili fako ne ko fadama, takardu sun cika, aiki kuma na inji ne. Wanda ya ƙudurta saye zai tarar da kashi uku a kasuwa. Na farko tsofaffin Caterpillar na shekarun 1970 da 1980, irin su D6D mai ƙarfin doki 140 da nauyin wajen tan 15, da D7G mai ƙarfin doki 200 da nauyin wajen tan 20, dukansu da injin nan mai lamba 3306, sai babbar yayarsu D8K mai ƙarfin doki 300 da ta haura tan 30. Falalarsu ita ce babu kwamfuta a cikinsu, makaniken da ya iya aikin manyan motoci zai iya buɗe injin a gindin bishiya, kayan gyaransu kuma, na asali da na kwaikwayo da na kwance, ana samun su a Yamai ko a sa a kawo daga Kano ko Sakkwato ta Ƙonni. Aibinsu shekaru: injin da ya yi shekara 40 yana aiki ya bi ta hannun makanikai da yawa, kuma ba kowa ne ya mayar da abin da ya cire ba. Waɗanda suka biyo bayansu, D6H da ta fito a 1986 da D6R bayanta, masu sarƙa mai kusurwa uku da haƙorin tuƙi a sama, sun fi daɗin aiki da sauri, sun kuma fi tsada wajen saye.

Kashi na biyu Komatsu ce ta Japan, musamman D65 da D85, injuna masu aminci waɗanda ba su da abin zargi wajen aiki. Tambayar da mai saye zai yi kawai ita ce wa ke da kayanta a kusa, kuma kwana nawa ake jira. Kashi na uku na China ne, irin su Shantui SD16 mai ƙarfin doki 160 da SD22 mai 220, waɗanda asalin ƙirarsu daga fasahar Komatsu aka ɗauko. Da kuɗin tsohuwar Caterpillar mai shekara 30 ana iya samun ta China da ba ta kai rabin shekarunta ba, kuma kayanta sun fi araha, sai dai ranar da aka tashi sayarwa ba ta riƙe daraja kamar waccan. Akwai wani tarko da ya kamata a ambata a nan, wato injunan da aka ƙera don kasuwar Turai da Amurka daga wajen 2011 zuwa yau. Dokokin hayaƙi na can sun sa an ɗora musu matatar hayaƙi, na baya-bayan nan kuma har da tankin wani ruwa na musamman, suna bukatar gazuwal mai ƙarancin farar wuta ƙwarai, kuma idan wata ƙaramar na'ura ta lalace kwamfuta takan rage ƙarfin injin har sai an zo da na'urar bincike. A hoto sun fi kowacce kyau, amma a dajin Buza wahala ce.

Game da girma, aikin gona a wannan yanki bai wuce D6 ko D7 ba. Ƙananan irin D4 suna da sauƙin dako da ƙarancin shan mai, amma a fako mai dutse sai su yi ta karce sama suna zamewa. D8 kuwa ta madatsa ce da hanya da ma'adinai, kuma motar da za ta ɗauke ta ma ba ko'ina take iya shiga ba. A guji masu faffaɗar sarƙa da aka yi don taɓo, domin dutse yana lanƙwasa farantansu yana kuma cinye mahaɗansu da wuri.

Inda kuɗin mai saye ke nutsewa shi ne ƙafafun katafila, wato sarƙa da mahaɗanta da nadi-nadin da take birgima a kai da haƙorin da ke jan ta. Masu ƙera injunan da kansu suna cewa wannan sashe yana iya cin kusan rabin duk kuɗin gyaran katafila a tsawon rayuwarta, kuma rairayinmu da jan dutsenmu suna cin ƙarfe kamar magagari. Sau da yawa dalilin da ya sa kamfani ke sayar da inji shi ne ƙafafun sun zo ƙarshe, ya lissafa kuɗin sabunta su ya ga gara ya bar wa wani. Don haka mai saye ya tafi da makaniken da shi ya ɗauko, wanda bai san dillali ba, su durƙusa su duba: haƙoran tuƙi idan sun yi tsini kamar na zarto sun ƙare, bututun mahaɗan sarƙa idan gefe ɗaya ya lotsa ko ya fashe sun ƙare, abin ɗaure sarƙa idan an tura shi har iyakarsa alama ce sarƙar ta miƙe, wasu ma sukan cire mahaɗi ɗaya don ta yi kamar ta ɗauru. Sai a ƙirga mahaɗan ɓangarorin biyu a gwada da abin da littafin injin ya ce.

Agogon awoyi kada ya ruɗi kowa, ana canza shi, ana kuma cire masa waya. Sulɓin abin takawa da na sandunan tuƙi ya fi shi faɗin gaskiya. A nemi a tayar da injin da sassafe yana sanyi, domin wanda aka riga aka ɗumama kafin baƙo ya iso yana ɓoye rauninsa. Hayaƙi shuɗi alamar cin mai ne, fari mai ɗorewa kan nuna ruwa ko matsalar allurai, iska mai yawa da ke fita ta bututun numfashin inji kuma tana nuna zobba sun gaji. A buɗe murfin ruwa a ga ko akwai mai a ciki, a zaro sandar awon mai a ga ko ya yi kalar madara, a kwance toshiyar man giyar ƙafa a ga ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. Bayan haka a sa ta aiki na gaske awa ɗaya ko biyu da rana tsaka, ta tura ƙasa, ta juya dama ta juya hagu, ta ja da baya, domin giya da birkin juyawa sai sun yi zafi suke bayyana halinsu. Sabon fenti a kan gangar jiki yakan rufe walda, a shafa da hannu a ji. Lambar da ke kan farantin jikin injin ita ce ke faɗin ainihin shekarar ƙira, kuma dole ta dace da ta takardun duwan. Wanda ya sayi injin da ya shigo da izinin wucin gadi don wani aiki, ba a biya masa haraji ba, shi zai gaji bashin.

Sayen wadda take cikin ƙasa ya fi odar ta daga waje a wannan zamani, ko da farashin can ya fi sauƙi a takarda. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, da aka rufe iyaka da Benin, kayan da a da ke sauka a Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiya, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗi. Daga Yamai zuwa Tahoua kuma akwai wajen kilomita 550 ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Tsarnawa, duk a bayan babbar motar dako, domin katafila ba ta wuce gudun kilomita 10 zuwa 11 a awa, tana lalata kwalta, doguwar tafiya kuma tana cinye sarƙarta. Ta cikin gida aƙalla ana iya gwada ta, ana iya tambayar direban da ya riƙe ta.

Bari mu yi lissafin mai, wanda shi kaɗai ne ba ya canzawa tsakanin mai saye da mai haya. Katafila mai girman D6 tana shan abin da ya kai lita 20 a awa idan tana aiki sosai, D7 ta fi haka. A watan Yulin 2024 an rage farashin litar gazuwal daga 668 zuwa 618 na CFA. A kan wannan farashi, wunin awa 8 ya tashi lita 160, wato kusan jika 99. Mu ɗauka, don misali kawai, hekta guda tana cin awa 6 tsakanin tsagawa da tura tudu. Hekta 50 ta zama awa 300, lita 6,000, sama da miliyan 3 da jika 700 na mai kaɗai. Amma adadin da ya fi muhimmanci a wannan misali shi ne awa 300 ɗin nan, wadda ba ta kai kwana 40 na aiki ba. Bayan nan gona ta gyaru, kuma gyaran katafila sau ɗaya ake yinsa. Abin da ya rage na noma da kaftu da dako duk aikin tarakta ne. Miliyoyin da aka zuba suna nan a tsaye a rana, batura suna mutuwa, robobin famfo suna bushewa, mai gadi yana karɓar albashi don kada a wayi gari an kwance batur ko sitata.

Idan kuwa za a ci gaba da aiki da ita a gonakin wasu, to hidimar ta zama ta kullum. Juyen mai a tsofaffin injuna duk awa 250 ne, maiko kullum, matatar iska kuma a lokacin hunturu da ƙurar bazara sai an riƙa duba ta kowace rana, don ƙurar da ta ratsa ta shiga inji tana gama da shi cikin 'yan makonni. Gazuwal ɗin durom da na jarka yana zuwa da ruwa da datti, shi ne ke kashe famfo da allurai. Sannan ga direba. Gwanin direba yana da wuyar samu, kamfanonin hanya da na ma'adinai suna riƙe da mafi yawansu, wanda bai ƙware ba kuma yana iya rage kwanan sarƙa ta hanyar gudu da baya da juyi a wuri ɗaya da ɗaure ta fiye da kima. Mai injin da ke zaune a kantinsa a kasuwar Tahoua ba zai san awa nawa aka yi a daji ba, ko lita nawa ta shiga tanki nawa ta bi wata hanya, sai idan yana da ɗan'uwa amintacce da zai kwana tare da ita. Lokacin aikin ma ƙayyadadde ne, daga bayan girbi a Nuwamba zuwa faɗuwar ruwa a Yuni, kuma idan inji ya tsaya a Afrilu ana jiran wani ƙarfe, shekarar ce ta tafi.

Haya tana ɗauke wa manomi duk wannan nauyi, amma tana da nata wuraren zamewa, kuma duk a bakin ciniki ake toshe su. A rubuta ko kuɗin awa ne ko na wuni, wuni kuma awa nawa ne. Wa zai sayi mai. Wa zai biya dakon zuwa da komawa. Idan inji ya lalace kwana uku wa ya yi asara. Abincin direba da yaronsa a kan wa. Agogon inji yana ƙirga ko tana aiki ko tana tsaye a kunne, don haka mai gona ya sa nasa mutum da littafi. Ciniki a kan hekta yana da daɗin ji, sai dai yana sa direba gaggawa, ya bi sama-sama a fako ko ya kwashe abin da bai kamata ba. Ciniki a kan awa ya fi, muddin mai gona yana tsaye. Ya zagaya da direba tun kafin a fara, ya ɗaura ƙyalle a kowane itacen da za a bari, ya nuna inda za a tara ƙasar sama. Da yake kuɗin dako shi ne ke sa ƙaramin aiki ya yi tsada, maƙwabta huɗu ko biyar ko ƙungiyar manoma su haɗa ayyukansu a jere a kawo inji sau ɗaya, ko a tuntuɓi mai injin da ya riga ya zo yankin don wani aiki.

Akwai kuma zaɓi na uku da ake mantawa da shi saboda ba shi da kwarjini. Tarakta mai ƙarfi da haƙoran tsaga ƙasa tana iya fakon da bai yi dutse da yawa ba, kuma ita tana da aiki duk shekara: kaftu, jan tirela, juya famfo ko injin sussuka. Garmar Delfino, wadda aka gwada a Nijar tun ƙarshen shekarun 1980 kuma hukumar FAO ke amfani da ita a Sahel, tarakta ke jan ta tana tsagawa tana haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata a lokaci guda, tana gama hekta 15 zuwa 20 a wuni. Da hannu kuwa, ƙa'idar da aka saba ita ce rabin wata 313 a hekta, ko ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki, kimanin 10,000, irin waɗanda manoman Illela suka shahara da su tun daga 1989 har fakon da ba a saye ya koma yana da farashi. Aikin hannu yana da jinkiri, amma ana biyansa kaɗan-kaɗan gwargwadon aljihu, ana iya tsayawa a ci gaba baɗi, kuɗin yana shiga hannun mutanen ƙauyen da za a zauna da su, kuma ramin tassa da takinsa yake tafiya, abin da tsagar inji ba ta bayarwa. Fakon da aka tsaga aka bari ba taki ba dashe yakan sake rufewa bayan 'yan damina.

Wanda sayen ya dace da shi, a ganina, shi ne mutumin da ya riga ya san inda awoyin shekara za su fito bayan gonarsa: yana da alaƙa da ma'aikatun magajin gari da ke gyaran hanyoyin karkara, ko ƙungiyoyin da ke gina madatsu da yashe tafkuna, ko masu haƙar tsakuwa, yana da makanike da direba da ya yarda da su tun kafin ya biya, kuma bayan kuɗin saye da dako ya ajiye wani kaso mai kauri gefe don gyaran farko, wanda ba ya wuce damina ɗaya bai zo ba. Irin wannan mutum ya nemi D6 ko D7 marar kwamfuta, mai haƙoran baya, mai ƙafafu da sauran rai, ko da fentinta ya koɗe. Akwai masu saye da niyyar su gama aikinsu su sayar, dabarar kuma tana iya yin riba ga mai hekta ɗaruruwa idan inji bai yi babbar lalacewa a hannunsa ba, amma masu sayen katafila a ƙasar nan kaɗan ne, kuma tana iya shekara a tsaye ana taya ta da rabin kuɗi. Mai hekta 10 zuwa 50 kuwa ya ware wuraren da hannu da tarakta suka kasa, wato madatsa da ƙorama da fako mai dutse, ya ɗauki haya a kansu kaɗai tsakanin Janairu da Maris, tun kafin kowa ya taso neman inji gab da damina, sauran kuɗin kuma ya zuba su a rijiya da shinge da taki.